Kyari Mai Juya Hoton Ƙashi

Duk wanda ya saba da bakin tashar Magariya ya san Kyari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri mai tsagar Barebari a kumatu, wanda ba a taɓa ganinsa ya zauna ya miƙe ƙafa ba. Shayi a tsaye yake sha. In yana maka magana, ƙafarsa ɗaya tana karkaɗawa, idonsa yana kan hanya kamar mai jiran mota. Kakansa ne ya zo daga wajen Gure da fataucin kanwa, ya ga garin ya yi masa, ya zauna. Tsofaffin unguwa kan ce wurin kakan nan Kyari ya gado yawo, sai dai shi kakan ya san inda za shi.

Lakwal, wato makarantar boko, ya bar ta ana dab da jarrabawa. Ya yi kabu-kabu da babur har ya san kowane rami tsakanin Magariya da bakin iyaka, ya bari. Ya jera esans, wato man fetur, a kwalabe a gefen gudiro, hanyar kwalta, warin ya dame shi. Ya tafi Kano koyon gyaran salula, ya iya, ya dawo, ya ce zaman ƙura wa abu ido yana sa shi ciwon wuya. Ya yi kiwon kaji, ya yi tura wa mutane waƙa da fim a waya. Ba wai ba ya iya abu ba ne. Da zarar ya iya, sai abin ya fita masa a rai. Matarsa Jamila, wadda take ɗinki a gida, ta daina tambayarsa me yake ciki. In maƙwabta suka ce, "Yanzu kuma maigidanki sana'ar me yake?" sai ta ce, "Bari ya dawo da yamma mu ji."

Ordinater ɗin nan, wato kwamfutar da ta sauya masa rayuwa, a gwanjon kayan wani proje na masu aikin agaji da ya nannaɗe tabarmarsa ya same ta. Kowa ya ƙi ta, don in aka kunna ba ta kama da irin wadda aka saba gani a ofis. Kyari ya ɗauka don araha, ya kai wa abokinsa na ƙuruciya, Mushe Abdulmajid, wanda yake koyar da lissafi a lise, babbar sakandare. Abdulmajid ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, tsarinta ne daban. Ya buɗe masa wata taga baƙa ƙirin, babu hoto babu ado, sai wani ɗan farin layi yana ƙyafta ido a kusurwa.

"Nan ba a danne-danne," in ji shi. "Rubuta mata umarni kake, ta yi. In ka rubuta daidai ta yi daidai. In ka rubuta shirme ma ba za ta yi maka gardama ba."

Kyari ya tsaya a bayansa yana kallo. Abdulmajid ya rubuta layi guda, hotunan bikin da ke cikin wata jaka ta ordinater duk suka ƙanƙance a take, suka zama masu sauƙin turawa. Abin da ya kama zuciyar Kyari ke nan: ba ta sa mutum jira. Ya buɗe ɗan shago a bakin tasha, ya sa fano mai tara wutar rana a kan rufi da batir a ƙarƙashin tebur, yana yi wa mutane fotokopi da rage nauyin hoto da juya shi daga wannan siffa zuwa waccan.

Sai shekarar da aka rufe iyaka ta zo. Mutanen Magariya kuwa rabin danginsu a ƙetare suke. Da, in mutum ya yi radiyo a Damagaram, wato hoton ƙashi ko na ƙirji, sai ya ɗauki faifan da aka zuba masa hoton a ciki ya shiga motar Kano, ya kai wa wani ɗan uwa da ya san likita don ya ji ta bakin mutum na biyu. Yanzu hanya ta toshe, saura waya.

Wanda ya fara kawo masa irin wannan faifan shi ne Alhaji Ɗantsoho, wani dattijo mai fataucin albasa, da ya zamo daga kan buhuna ya karye a ƙwauri. Aka shigo da shi shagon a kan sanda, ƙafar hagu cikin simintin likita. 'Yarsa tana aikin jinya a Kano, ta ce a turo mata hoton. An zagaya da faifan wurin masu hoto da masu waya, kowa ya ce abin da ke ciki ba ya buɗuwa.

Kyari ya sa faifan. Hoton yana nan, amma cikin wata siffa ta injinan asibiti da ake kira daikom, wadda salula ba ta san ta ba. Ya kira Abdulmajid, suka dafa tebur su biyu. Suka rubuta kalmar convert, suka bi ta da sunan hoton da ke faifan, sannan sabon suna mai jpg a wutsiya. Hoto ya fito baƙi wuluk. Alhaji ya leƙo ya ce, "To, ashe cikina duhu ne." Abdulmajid ya yi ɗan bincike, ya ƙara wata kalma a tsakiyar layin mai daidaita haske, ya sake bugawa. Sai ga ƙashi fari tas a kan allo, da tsagewa a tsakiyarsa kamar karan gero da aka taka. Kyari ya tura shi nan take. Kafin Alhaji ya gama shan ruwa, hoton ya isa Kano.

Labari ya bazu. Daga Dantchiao ake zuwa, daga Dungas, daga ƙauyukan da ko motar kasuwa ba ta shiga. Aka daina ce masa Kyari mai fotokopi, aka koma Kyari mai juya hoto. Ya ga haƙarƙarin liman, ya ga ƙugun tsohuwar da ta yi masa wankan jarirai, ya ga jaririn da bai zo duniya ba a naɗe cikin uwarsa. Kusan kowa sai ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Kai me ka gani?" Shi kuma ya ce, "Ni juyawa ce tawa, karatun na likita ne." Mutumin da a da ba ya iya riƙe labari daga tasha zuwa gida, sai ga shi ya koyi rufe baki. Jamila ta lura wata da watanni sun shuɗe bai ambaci wata sabuwar sana'a ba, ta yi shiru da bakinta don kada ta tuna masa.

Abin ya faru ne ranar wata kasuwar Magariya, a farkon damina. Kuran, wato wutar lantarki, ya daɗe da zama sai an ga dama, sama kuma ta wuni a lulluɓe, fano bai sha rana ba. Shagon ya cika har waje. Kyari yana aiki yana satar kallon alamar batir, yana kora wannan, yana amsa gaisuwar wancan, hannu ɗaya a kan madannai ɗaya riƙe da waya.

Alhaji Ɗantsoho ya dawo da sabon faifai, na dubawar ƙarshe. Kyari ya kwafe shi cikin wata jaka, ya juya, ya tura. Bayansa sai ga wani mutum mai malafa, dogo kamar Kyari amma ya girme shi, yana dogara sanda, shi ma ƙafar hagu cikin siminti. Sunansa Wakili, daga wata ruga a bayan Dogo-Dogo. Yana noma gero, yana kiwon shanu, kuma wani bijimi ne ya matse shi da bakin rijiya. Da ya ga tsagar Kyari sai fuskarsa ta washe, don tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa.

"Ashe bawana ne aka ɗora a kan wannan aiki," in ji Wakili. "Maza tashi ka ba ubangidanka kujera."

"Yau ga abin mamaki," Kyari ya ce, yana jawo masa benci da ƙafa. "Bafulatani da saniya ta kayar. Kawo faifan, Baba, kafin wutata ta mutu."

Wakili ya ciro faifan daga cikin tsumma, ya kuma miƙa wata 'yar waya mai lambar surukinsa Amadu, yayan matarsa, wanda yake aiki a wani asibiti a Gumel. Kyari ya kwafe faifan cikin sabuwar jaka. Alamar batir ta yi ja. Maimakon ya rubuta umarnin daga farko, sai ya danna kibiyar da ke dawo da layin da ya gabata, ya goge sunan ƙarshe ya sa na Wakili, ya buga. Ƙafa ta fito a kan allo. Ya tura. Ordinater ta ɗauke.

Wakili bai bar bakin tasha ba sai da saƙon murya ya shigo. Amadu ne, cike da murna: ya nuna wa likita, likita ya ce ƙashi ya haɗe sarai, a cire siminti, a fara takawa a hankali. Wakili ya ɗaga hannu sama. Ya ce dama abin da ke hana shi barci ke nan: an fara shuka, dole shanu su bar kusa da gonaki su yi arewa, shi kuma tun yana saurayi bai taɓa bari sun tafi ba shi ba. Ya yi wa Kyari addu'a doguwa, ya ƙare da cewa ko bawa in ya yi abin kirki a yaba masa.

An kwana ana ruwa. Da safe rana ta fito fes, batir ya cika, Kyari ya buɗe ordinater don ya share tarkacen jiya. Hotunan suka jeru ƙanana a kan allo, na Alhaji kusa da na Wakili. Har ya kai hannu zai goge, sai ya tsaya. Ya buɗe wannan, ya buɗe wancan. Lanƙwasa ɗaya, inuwa ɗaya, har ɗan kumburin da ƙashi ke yi inda ya warke, wuri ɗaya. Ƙafa guda ce sau biyu.

Ya koma kan layin da ya buga jiya ya karanta shi a hankali, abin da bai yi ba jiyan. Injinan asibiti suna ba hoton farko na kowane faifai suna iri ɗaya. Ya sauya sunan sabon hoto, amma bai sauya jakar da za a ɗauko ba. Ƙafar Alhaji ya sake juyawa, ya lanƙaya mata sunan Wakili. Shi kuwa hoton asibiti, sunan majiyyaci a ɓoye yake cikinsa. Da an juya shi, sunan ya zube, sai ƙashi tsirara. Babu yadda likitan Gumel zai sani.

Ya juya na Wakili na gaskiya. Ba sai likita ba. Tsagewar tana nan, baki biyun ƙashin ko gama sumbatar juna ba su yi ba.

Ya kira lambar Wakili, ba ta shiga. Ya sake, ya sake. Ya kira Amadu a Gumel, ya faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba, ya tura hoton gaskiya. Jiran amsar nan ya yi shi ne yana kai da kawo tsakanin ƙofar shago da bakin gudiro, har mai shayi ya tambaye shi ko an yi rasuwa ne. Da Amadu ya kira, muryarsa ta sauya.

"Likita ya ce ko tsayuwa kada ya yi a kanta. Malam, rugarsu babu rezo, waya ba ta shiga sai an hau tudu. Ni kuma ka san ba ni da hanyar ƙetarowa yau."

"Zan je," in ji Kyari.

Ya rufe shago da mutane a ƙofa, ya biya gida ya ɗauki babur. Jamila ta fito da almakashi a hannu. Ya faɗa mata a tsaye, injin yana kunne. Ta koma ciki ta cika masa gora da ruwa, ta ɗaura a bayan babur ɗin da kanta.

Hanyar Dantchiao ta sha ruwa. Ko'ina ka duba mutane ne a gona, maza a gaba suna sara da sungumi, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kowa yana cikin farin cikin ruwan farko, suna ɗaga masa hannu, shi kuwa ji yake kamar ya tashi sama. Inda yashi ya jiƙe babur ya yi gudu, inda ruwa ya kwanta sai ya sauka ya tura. Bayan Dantchiao ya faɗi a wani kwazazzabo, gwiwar wandonsa ta yage, bai tsaya duba ciwon ba. A ransa yana ta lissafi iri ɗaya: wataƙila Wakili ya bari sai ya huta, wataƙila babu wanda ya iya cire simintin, wataƙila ruwan jiya ya tsayar da su. Duk tudun da ya hau sai ya tsaya ya ɗaga waya sama ya gwada lambar.

A Dogo-Dogo wani mai facin taya ya kwatanta masa rugar. Tun kafin ya kashe babur ya ga abin da yake tsoro. A gefen bukka ga ɓaraguzan farin siminti a zube, kaji suna tsattsagar audugar da ke ciki. Garke babu kowa sai kashin shanu da 'yan maruƙa marasa ƙarfi.

Wata mata ta fito tana goge hannu a zani. Ita ce Rukaiya, matar Wakili. Ta amsa sallamarsa, ta ce maigidan ya jiƙa simintin jiya da yamma ya yanke shi da wuƙa, yau bayan sallar asuba suka kama hanya shi da ƙanensa Mutari. Ta ce ta roƙe shi ya hau jaki, ya ce likita ya ce ya taka.

Kyari ya durƙusa ya faɗa mata abin da ya kawo shi. Ta saurare shi har ƙarshe. Ba ta yi salati ba, ba ta ɗaga murya ba, kallonsa kawai take har sai da ya sunkuyar da kai.

"Kai ne na Magariya?"

"Ni ne, Inna."

Ta nuna arewa da haɓa. "Bi burtali. Sawunsu yana nan, ƙasa a jiƙe take. Akwai tafki gaba, can za su shayar."

Burtalin ya ratsa tsakanin gonaki, sawun kofato ya dame shi kamar an yi kwaɓin gini. A gefe, inda ƙasa ta fi tauri, Kyari ya riƙa ganin sawun takalmin mutum da ramin sanda kusa da shi. Da farko sawun biyu daidai suke. Can gaba sai na hagu ya fara ja a ƙasa.

Rana ta take tsaka lokacin da ya hango shanun, farare da jajaye, sun kewaye tafki. Mutari yana tsaye cikin ruwa yana musu kira. Wakili kuwa yana ƙarƙashin wata aduwa, ya jingina da gindinta, ya rufe ƙafar da gefen riga. Gumi ya jiƙa masa gemu. Da ya gane mai zuwa sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Bawana! Ka biyo ubangidanka daji? Ko kiwon za ka koya?"

Kyari bai rama ba. Ya tsuguna gabansa, ya ciro waya, ya nuna masa hoto na farko, sannan na biyu.

"Baba, wannan aka tura Gumel jiya. Ba taka ba ce. Wannan ce taka. Ni na yi kuskuren, da hannuna. Likita ya ga ta gaskiyar yau, ya ce kada ka taka."

Wakili ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido. Ya daɗe yana duban tsagewar. Sannan ya janye rigar. Ƙwaurin ya kumbura ya yi sheƙi, fatar da ta daɗe a rufe ta yi fari-fari tana saɓa.

"To ni ƙafar wa nake takawa tun asuba?"

"Ta Alhaji Ɗantsoho mai albasa."

Wakili ya fara dariya, dariyar ta taɓa ciwon, ta koma nishi. Ya ce tun daga bayan gari ya ji abin ba daidai ba, amma ya ce wa kansa shi wane ne da zai ƙaryata likita. Da Mutari ya hauro ya ji zancen, sai ya yi kan Kyari da sanda a ɗage. Wakili ya daka masa tsawa ya tsaya. Sai kuma gardama ta koma tsakanin 'yan uwan biyu: Wakili ya ce a ɗora shi kan jaki ya bi shanunsa, Mutari ya rantse in ya ga haka to shi zai juya da garken gida, su cinye shukar mutane, a yi ta ta ƙare. A ƙarshe Wakili ya haƙura, ya juya fuskarsa wajen tafkin.

Suka sare rassa biyu, Kyari ya yage rawanin Wakili suka ɗaure ƙafar. Babur ba zai yiwu ba. Kyari ya shiga ƙauyen da ke kusa ya yi ta roƙo har wani manomi ya bar shukarsa ya ɗaura wa sa amalanke. Kafin a ɗaga shi, Wakili ya kira shanun da sunayensu, wasu suka ɗago kai suka dube shi, ya yi wa Mutari bayanin wadda take da ciki da wadda ba ta son a matsa mata. Sannan aka kama hanya.

Kyari ya bar babur ɗinsa a ƙauyen, ya bi amalanken a ƙasa yana riƙe da ƙafar don kada gargada ta girgiza ta. San yana tafiya kamar ba ya so. Duk jikin Kyari yana masa ƙaiƙayi ya ce a yi sauri, amma da an ɗan ƙara sauri sai ya ji ƙafar ta motsa a hannunsa, Wakili ya cije leɓe, shi da kansa yake cewa a rage. Sau ɗaya Wakili ya buɗe ido ya ce, "Da ka yi shiru, wa zai sani?" Kyari ya ce, "Ƙafar za ta sani." La'asar sakaliya suka shiga Dogo-Dogo. Majo, ma'aikacin jinya na ɗakin shan magani, ya duba, ya ce wannan sai Damagaram. Washegari Kyari ya raka su a motar kasuwa, Rukaiya tana gefe guda ba ta ko dubansa.

Ƙashin ya goce. Aka gyara, aka mayar da siminti, wannan karon har cinya. Wakili ya yi daminar nan a kwance a ƙofar bukka, yana jin labarin shanunsa a bakin matafiya. Da aka cire simintin sai ƙafar ta warke da ɗingishi. Kyari ya tambayi likitan Damagaram ko tafiyar ranar ce ta jawo. Likitan ya ce zai iya yiwuwa, zai iya yiwuwa kuma dama haka za ta ƙare. Ba shi da hanyar rabewa.

Wannan amsar ta fi komai damun Kyari. Ya rufe shagon. Ya riƙa fita da safe ya zaga gari ba inda za shi, ya dawo, ya sake fita. Sai ya fara zancen wasu abokansa da suka tafi haƙar zinariya arewa, har ya je ya tambayi ranar tashin mota. Jamila ta bar shi ya gama, ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki.

"Duk sana'ar da ka bari a baya, gajiya ka yi da ita, ban taɓa hana ka ba. Wannan ba gajiya ba ce. Jiya wata mata ta zo daga Dungas da faifan ɗanta, ta wuni a ƙofar shagonka ta koma. In ka tafi ma za a ci gaba da karyewa."

Kyari ya fita. Amma ba tasha ya nufa ba, gidan Abdulmajid ya je. Suka shafe yammaci suna gwaji, suna ɓatawa suna gyarawa, har suka haɗa ɗan umarni guda: kafin a juya hoto, sai ya zaro sunan majiyyaci da ranar da aka ɗauka daga cikin hoton asibitin, ya buga su da farin rubutu a ƙasan sabon. Umarnin kuma yana ƙin yin aiki in jakar da aka nuna masa an riga an juya ta. Kyari ya sake buɗe shago. Yanzu duk hoton da ya fito sai ya karanta sunan da ƙarfi, mai shi ya amsa, sannan ya tura, ko da layi ya kai bakin gudiro, ko da batir yana kuka.

Da aka buɗe iyaka, 'yan gari da yawa suka koma ɗaukar faifansu zuwa Kano da kansu, ciniki ya ragu. Mutanen ƙauye ne ba su daina ba. Sai Kyari ya koya wa Jamila aikin, ta mayar da kekenta shagon, tana ɗinki tana jiran masu faifai. Shi kuwa ya sa ordinater a jakar goyo, ya ɗaura ƙaramin fano a bayan babur, yana bin kasuwanni: yau Dantchiao, gobe Dungas, jibi Dogo-Dogo. Yana shimfiɗa tabarma kusa da inda rezo ya fi kamawa.

Rukaiya har yau in ta zo tallar nono ta gan shi, sai ta sauya layi. Wakili kuwa ya rage bin shanu nesa, Mutari ne yake kai su arewa. Ranar kasuwar Dogo-Dogo yakan ɗingiso ya zauna a gefen tabarmar Kyari, ya ajiye sanda, ya karɓi shayi. Duk wanda ya zo da faifai, kafin ya miƙa, Wakili zai tare shi ya ba shi labarin ranar da ya yi tafiyar rabin wuni da ƙafar mai albasa, yana ƙara gishiri kowane mako. Sannan ya ce, "In ya juya, ka ce ya karanta maka sunanka." Kyari yakan sunkuyar da kai ya ci gaba da bugawa, kunnuwansa suna zafi. Bai taɓa ce masa ya bari ba.